Goron Sabuwar Lamba

A zamanin da man fetur ya kusa fin ruwan rijiya araha, an yi wani direba a Kazaure ana ce da shi Na'Allah. Direbobi an yi su birjik, amma duk wanda ya ce maka ya ga kamarsa tsakanin Babura da Roni, tambaye shi shekarunsa, za ka tarar yaro ne. Mutumin da ya koyi tuƙi tun ana murɗa ƙarfe a hancin mota kafin ta tashi. Ya yi jigilar gyaɗa zamanin Turawa, ya kai wa soja kaya lokacin basasa, ya dawo da yatsunsa babu wanda ya yi ciwon kai. Sanƙarau ya kama shi, ya riƙe, ya gaji don kansa ya sake shi. Da gwamnati ta ce a koma tuƙi a hannun dama, direbobin tasha suka shiga saukar Alƙur'ani, shi kuwa ya ce dama can a tsakiyar titi yake tafiya, bai ga inda abin ya shafe shi ba.

Boko bai yi ba, ko baƙi ɗaya bai sani ba, bai kuma taɓa jin ya yi rashi ba. Yakan ce takarda sanda ce, mai ƙafafu lafiyayyu ba ya dogara ta.

Motarsa akori-kura ce fara, mai rumfar tamfol a baya. Ranar kasuwar Gwiwa tana Gwiwa, ranar ta Roni tana Roni, in kuwa ya ji marmarin kuɗin sefa sai ya nausa Babura ya kwaso mutanen Nijar da buhunan wakensu. Ba shi da gona ko ta shan iska. Motar ce gonarsa, ita ce rumbunsa, ita ce kuma abin da ke sa a matsa masa a kan benci idan ya shigo tasha.

Takarda ɗaya tak ya yarda ta zauna a motar, ta inshora. Ita ma sai da aka sha fama. Wanda ya shawo kansa wani saurayi ne, Muhammadu Lawal, ɗan Malam Mamuda magatakardan hakimi. Lawal ya yi karatu a Kano ya dawo da alƙaluma jere a aljihun gaba, ya zama wakilin wani kamfanin inshora. Ofishinsa ɗan shago ne a bakin tasha: tebur, benci, hatimi. Kawu yake ce wa Na'Allah, don uwarsa 'yar unguwarsu ce. Ya yi masa bayani cewa duk ranar da motar ta yi wa wani ɓarna, kamfani ne zai biya. Na'Allah ya ce bai taɓa jin kamfani mai neman asara ido rufe irin wannan ba, amma tunda su suka ji suka gani, a rubuta. Da aka ba shi takardar ya kai wa dukawa suka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ya rataye a jikin madubi. 'Yan sandan shinge duk sun san layar, ba mai cewa a farke.

Ana nan sai aka zo da sabon tsarin lambobin mota. Aka ce kowa ya je a sauya masa. Na'Allah ya je yana gunaguni, ya dawo yana murmushi, domin an gaya masa cewa haruffan ƙarshen sabuwar lambar Kazaure suke nufi. A da duk inda ya shiga sai a ce ga motar Kano. Yanzu kuwa gwamnati da kanta ta buga sunan garinsa a ƙarfe, gaba da baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallon lambar, ko da yake har ga Allah da an kife ta ba zai gane ba.

Ya ce wa matarsa Dela abin da aka sauya wa suna dole a sanar da jama'a, sai kayan sata ne ake sauya wa kama a ɓoye. Ya sayi rago, ya sayi goro huhu guda. Ya aika wa sarkin tasha, ya aika wa makanikai, ya aika wa 'yan sandan shinge, ya aika wa Lawal nasa na musamman, farare manya. A ƙasar nan kuwa goro shi ne wasiƙa. Wanda ya karɓa ya ji, wanda ya tauna ya shaida. Da goro ake ɗaura aure, da shi ake raba gardamar iyakar gona, balle maganar ƙarfe.

Ranar taro aka wanke mota aka tsayar da ita a ƙofar gida. Liman ya yi addu'a aka shafa. Sai aka zo wurin faɗin suna, aka duba aka rasa mai karanta rubutun Nasara a cikin taron in ba Lawal ba. Ya zo a kan sabon babur ɗinsa ja, wanda ya saya a shekarar da kuɗi suka yi wa masu albashi yawa, ko ledar kujera bai cire ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya karanta lambar dalla-dalla. Daudu maroƙi ya cafe daga bakinsa ya kwarara ta har mutanen bakin dutse suka ji. Aka ce Allah ya raya, Allah ya tsare ta daga sharrin ƙarfe. Aka kawo nama.

Ana cikin ci Lawal ya matso kusa da mai gida, bakinsa da maiƙo.

“Kawu, sai a kawo takardar nan ofis in gyara lambar.”

“Ka ji lambar?”

“Ai ni na karanta.”

“To me za ka gyara?”

Lawal ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne irin na Kawu. Na'Allah kuwa bai ga abin dariya ba, ya ɗauka magana ta ƙare. Da za a watse aka ɗaure wa Lawal cinyar rago a bayan babur, ya tafi. Tsohuwar lambar Dela ta ɗauke, ta ce ƙarfe mai kyau ba ya zaman banza.

Damina ta wuce, kaka ta kama. Wata ranar kasuwar Gwiwa, da la'asar sakaliya, Na'Allah ya taho da mota cike da mutane da dammunan gero, ya iso inda burtali ya ratsa hanya, garken wani Bafulatani, Ardo Hamma, yana ƙetarewa. A nan a riƙe magana da kyau: Na'Allah bai buge sa ba. Sa ne ya buge mota. Shanu sun gama wucewa, ya saki birki, sai bajimin garken, wani baƙi mai tozo kamar tulu, ya tuna da wata saniya da ya bari a baya, ya juyo a guje. Mota ta yi asarar fitila ɗaya. Sa ya yi asarar ƙafar gaba. Dole aka sa masa wuƙa a gefen hanya kafin ya zama mushe.

Ardo Hamma dogon tsoho ne siriri, mai magana kamar ana auna masa ita. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da an samu sauƙi. Ya dafa sandarsa ya ce sunan san Ɓaleri, shi ne uban duk ɗan maraƙin da ke garken nan, kuma ya san uwarsa ya san kakarsa. Ya ce da zarar shanu sun gama cin karan gonaki za su yi kudu neman ruwa, garke kuwa ba ya tafiya babu namiji. Daga nan ya zuba wa direba ido.

Fasinjoji sun sauko, masu dawowa daga kasuwa sun taru, masu jakuna sun tsaya. Idon jama'a kuwa shi ne giyar Na'Allah. Ya miƙa hannu ya ciro layar daga madubi ya ɗaga ta sama.

“Ardo, ka ga wannan? Akwai kamfani a Kano da ba shi da wani aiki sai jiran irin wannan rana. Sa za a ba ka, wanda ya fi naka tozo. In kun tashi tafiya bai zo ba, motar nan taka ce.”

Ardo ya tambaya ko jama'a sun ji. Aka ce an ji. Ya buɗe tafin hannu. Na'Allah bai zaci abin zai kai nan da wuri ba, amma namiji ba ya tsotse yawun da ya tofar. Ya roƙi arziki ya sauke fasinjoji a gari tukuna, washegari ya kai motar rugar Ardo da kansa, ya tsayar da ita a gindin wata tsamiya, ya zare makulli ya miƙa. Ardo ya jefa shi cikin hularsa ya mayar da ita ka. Na'Allah ya komo Kazaure a bayan motar wani, a kan buhun gyaɗa, yana gaya wa na kusa da shi cewa ya daɗe yana son ganin yadda fasinja ke ji.

Bai bi ta gida ba, sai shagon Lawal. Ya ajiye layar a kan tebur ya ce ranar kamfani ta zo. Lawal ya saurari labari, ya ɗauki reza ya farke ɗinkin dukawa, ya warware takarda. Yana dubawa sai gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga shi kuwa ranar ba zafi.

“Kawu, kamfani bai san wannan motar ba.”

“Motar da kake shiga tun kana ɗan makaranta?”

“A takarda nake nufi, ranka ya daɗe. Motar da muka sani mai tsohuwar lamba ce.”

“Ita tana ina?”

“Ai babu ita yanzu.”

“To kun zauna kuna gadin motar da babu, kun bar wadda take akwai.”

Lawal ya shiga bayani. Ya ce doka ce, in lamba ta sauya sai an sanar da kamfani a rubuce, a gyara, a buga hatimi. Ya ce ya faɗa ranar taro. Na'Allah ya bar shi ya kai aya, sannan ya tambaye shi wa ya karɓi goro, wa kuma ya miƙe a gaban liman ya karanta lambar. Lawal ya ce shi ne, amma a matsayin ɗa ya je, ba a matsayin kamfani ba.

“Cinyar ragon fa, wa ya ci? Kai ko kamfani?”

Lawal ya leƙa waje. Ya rage murya, ya ce akwai hanya ɗaya. In tsohuwar lambar tana nan, a mayar da ita jikin mota, a ce da ita aka yi hatsarin, shi zai rubuta haka. Na'Allah ya ce sunan da Daudu ya kwarara har bakin dutse ne za a ce ba a raɗa ba? Ya tattara takardarsa da fatarsa ya fita kamar wanda aka zaga.

Amma gaskiya ɗaya ce, da ya isa gida sai da ya tambayi Dela, a kaikaice, ina ƙarfen nan. Ta nuna masa da haɓa. Ashe tuni ta kai wa maƙeri ya huhhuda shi da ƙusa, ya zama abin goga kuɓewa, yana ma cikin aiki a lokacin. Na'Allah ya ɗaga shi, yauƙi na zuba, ya hango hasken rana ta ramukan.

“Malam, in lambar za ka mayar, sai ka haɗa da ragon ka mayar garke,” in ji Dela.

Ya ce shi dama dubawa yake ko maƙerin ya iya aiki.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Aka gama yankan gero, aka shiga dawa. Duk gonar da aka kwashe sai shanun Ardo su shiga su share karan, kuma gonakin da suka rage ba su da yawa. Na'Allah yakan je ruga, wai gaisuwa. Ya tarar an ɗaure 'yan maruƙa a ƙarfen gaban mota, matan Ardo sun kife ƙorai a kan bonet suna shanya, wata kaza ta samu kujerar direba ta yi ƙwai. Rannan ma ya iske Maikasuwa, dillalin motoci na Babura, yana zagaya ta yana shurin tayoyi da ƙafa. Suka gaisa. Maikasuwa ya ce wucewa yake yi. Ruga kuwa ba a kan hanyar ko'ina take ba.

A tasha an daina matsa masa a benci. Yakan ce tsayuwa ta fi masa lafiyar baya. Tuwo ne dai Dela ta lura yana dawowa da saura.

Ardo ne da kansa ya kawo mafita, ba tare da ya san ya kawo ba. Ya ce wa Na'Allah shi mota ba ta yi masa amfanin komai, ba ta cin ciyawa ba ta ba da nono ba ta hawan saniya. Sa yake so. Tunda an ce kamfani ne zai bayar, a nuna masa kamfanin ya je ya yi gaisuwa, don bai kamata mutum ya jira alheri daga wanda bai taɓa gaisarwa ba. Na'Allah ya yi tunani. Shi dai tunda yake bai taɓa ganin wani kamfani da idonsa ba in ba mutum ɗaya ba. Ya sa Ardo a gaba har bakin tasha, ya nuna Lawal da yatsa ya ce ga shi nan.

Washegari da hantsi Ardo ya dawo da fatar Ɓaleri a naɗe a kafaɗa, ta bushe sarai. Ya shimfiɗa ta a ƙofar shago, dab da jan babur, ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya gai da Lawal gaisuwa mai tsawo: kwana, gajiya, iyali, aiki, sanyin safiya, har lafiyar babur ya tambaya. Bai ambaci sa ba. Azahar ta yi ya yi salla a kan fatar, matarsa ta biyo da fura daga talla ya sha, la'asar ya naɗe ya yi sallama ya tafi. Gari na wayewa ya dawo. Bai taɓa tare hanya ba, bai taɓa ɗaure fuska ba. In Lawal zai fita har addu'ar dawowa lafiya yake yi masa.

Direbobin da ke zuwa sabunta takardunsu sai sun tsallake jelar Ɓaleri kafin su shiga. Duk wanda ya tambaya, Ardo ya amsa masa cikin ladabi cewa fatar sa ce, wata mota ce da kamfani bai sani ba ta karya shi. Sai direba ya tuna cewa shi ma an sauya masa lamba, ya ce bari ya je ya dawo. Da yawa ba su dawo ba.

Sai Daudu maroƙi ya samu labari. Ba wanda ya aike shi, Na'Allah ya sha rantsuwa a kan haka, kuma goron da aka ga ya ba shi na zumunci ne. Kullum Lawal ya faka babur, sai Daudu ya ɓullo ta bayan masu ƙosai yana yi masa kirari: ɗan Malam jikan Malam, mai raɗin suna, uban mota, wanda ya karanta ba gargada. Sannan ya kawo lambar tiryan-tiryan, yadda ya ji ta ranar taro. Yabo ne zalla, ba inda za a kama shi da zagi. Kafin wani lokaci masu shayi sun haddace, 'yan kamasho sun haddace. Aka wayi gari duk Kazaure ta san lambar nan da ka, ban da kamfani.

Magana ta isa zauren Malam Mamuda. Ya sa aka kira ɗansa bayan sallar la'asar, a gaban dattawan da ke zama wurinsa. Waɗanda suke nan sun ce bai yi faɗa ba. Ya tambaye shi ko ya karɓi goron. Ya ce ya karɓa. Ko ya tauna. Ya tauna. Ko ya miƙe a gaban mutane ya faɗi lambar da bakinsa. Lawal ya sunkuyar da kai ya fara maganar rubutu da hatimi. Tsohon, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubutu da hatimi a gaban hakimai, ya ɗaga masa hannu.

“A gidan nan ba a raba baki da mai shi. In kamfaninka kurma ne, kai ka ji.”

Kashegari Lawal ya hau babur ya yi Kano. Abin da manyansa suka ce masa can, shi da Allahnsa. An dai ga ya dawo fuska ba annuri, ya tsallake jelar Ɓaleri ya shiga shago, ya zauna bai taɓa alƙalami ba. A ranar ne kuma labari ya zo cewa matan Ardo sun fara kwance bukkoki. Na'Allah ya ji, ya je gida ya kwanta da rana tsaka, abin da Dela ba ta taɓa gani ba tun zamanin sanƙarau.

Ranar kasuwar Babura Lawal ya sake hawa babur da sassafe. Bai dawo ba sai washegari, a ƙasa, ƙura har gwiwa, shi da wani mai kora suna jan baƙin sa. Suka tsaya a ƙofar shago. Tasha ta watse ta taru a wurin. Aka aika aka taso Na'Allah.

Lawal ya dubi ƙasa ya ce, “Kamfani ya aiko.”

Ardo ya miƙe ba gaggawa. Ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga jela, ya zagaya baya ya tsuguna ya duba abin da ya fi damunsa. Ya tambayi mai korar asalin uwarsa, aka gaya masa wani garke na wajen iyaka, ya gyaɗa kai ya ce ya san su, ba su da laifi. Ya ce ba Ɓaleri ba ne, amma namiji ne. Sannan ya cire hula, ya zazzago makulli ya miƙa wa Na'Allah. Fatar kuwa ya naɗe ta ya ajiye a kan teburin Lawal, ya ce tukuici ne, kamfani ya riƙa salla a kai. Lawal ya yi godiya, don ba yadda zai yi.

Na'Allah ya juya ya fuskanci jama'a ya ce to, wa ya ce goro ba ya isar da saƙo?

Da yamma ya je ɗauko mota. Aka kwance maruƙa, aka kwashe ƙorai, aka lallashi kaza ta sauka, matar Ardo ta ce ya tafi da ƙwan. Murɗa ɗaya motar ta tashi, bayan samarin ruga sun tura ta daga tsamiya har bakin hanya. Ya shigo Kazaure da fitila ɗaya yana danna ham tun daga bayan gari. A tasha, kafin ya iso benci an riga an matsa.

Tuwon daren nan bai bar ko loma ba. Dela tana kwashe kwano ta tambaye shi ko ya lura Lawal a ƙasa yake yawo. Ya ce tafiyar ƙasa lafiya ce, likitoci ma suna faɗa. Ta ce matar maƙeri ta ce an ga jan babur a Babura a ƙarƙashin wani ɗan Nijar, har da ledar kujerar. Na'Allah ya ce to ashe babur ɗin na kamfani ne, sun karɓi abinsu. Dela ta dube shi. Ya ce ta miƙo masa ruwa.

Da safe ya tsayar da mota a ƙofar shagon Lawal ya bar inji na aiki. Ya ce tun hatsarin nan motar ke rinjaya gefe ɗaya, makanikai sun rasa gane kanta, shi kuwa ya gano nauyi take so a kujerar gaba, kuma nauyin Lawal ne daidai. Ya ce ba alfarma yake yi masa ba, taimakon mota ne, kada ma ya kawo maganar kuɗin mota ya ɓata gyara. Ya kuma miƙa masa takardar inshora, ya ce Kano za su je yau, in yana da wani abin da yake son ƙarawa a ciki don samun natsuwarsa, ya ƙara.

Suka je suka dawo, an rubuta sabuwar lamba an buga hatimi. Lawal ya karanta masa ita a hanya. Na'Allah ya ce ai ita ce dai ta ranar suna, bai ji an ƙara ko harafi ba, wahala ce kawai irin ta 'yan boko. Ya mayar wa dukawa suka sake ɗinkewa.

Motar ta ci gaba da rinjaya gefe har ranar da Lawal ya sake yin abin hawa, daga nan ta warke don kanta. Na'Allah kuwa duk direban da ya zo masa da kukan inshora, yakan gaya masa cewa kamfani yana biya, shi shaida ne, sa guda aka kawo masa har bakin tasha. Abin dai mutum ya san yadda ake sanar da mutane.

Lawal ya daɗe a aikin, har ya yi furfura a shagon nan, fatar Ɓaleri na ƙarƙashin teburinsa. Goro yana ci kamar kowa, na aure da na suna da na Salla. Amma in mai mota ne ya miƙo masa, ko a masallaci ne, sai ya mayar da hannuwansa baya, ya dubi mutumin, ya ce, “Me aka sauya?”